Gwangwanin da Aka Rataya wa Kawu

Ƙarar injin ban-ruwa ce take tashina yanzu, ita da ta 'yan kabu-kabu masu zuwa wanke baburansu a ɗan kwatamin da ya rage bayan gari. Wurin nan da suke tsai da babura, a da in ka tsaya nan ruwa zai shanye ka har hula. Tafki ne babba, wanda Kwara, babban kogi, take cika mana duk shekara in ta yi ambaliya, ta janye ta bar mana shi maƙil da kifi. Abin da yake tashinmu a wancan zamani kukan agwagin kirinjijiya ne da fasa ruwan giwan ruwa, wata irin ƙara kamar an jefa turmi a rijiya. Mata suna gefe suna buga wanki a kan dutse, shanun Fulani suna gangarowa ta cikin ciyawar burugu su sha su koma, mu kuma muna shanya homar kamun kifi a kan ƙaya. In na ba yaran yanzu wannan labari sai su yi mini kallon mai tatsuniya da rana tsaka. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya buɗe ido ya tarar da leda da fasassun kwalabe a wuri, da wuya ya yarda an taɓa kama kifin da sai da mutum biyu suka ɗauka a nan.

Mai kula da tafkin nan kawuna ne, wan mahaifiyata. Shi ya riƙe mu ni da Inna tun rasuwar mahaifina, a gidansa na girma, a akushinsa na ci. Shi ne Sarkin Ruwa, ya gada daga ubansa. Mutum ne gajere, baƙi, mai kaushin hannu, ba ya son yawan magana, in ka tambaye shi abu sai ya gama ƙulla zaren da ke hannunsa kafin ya ba ka amsa. Aikinsa ba wuyar faɗi. In ruwa ya janye, sai ya ɗauki wata doguwar sanda ta gora, ya ɗaura mata kaba a kai, ya shiga har ƙirji ya kafa ta. Daga ranar an rufe tafki. A sha, a yi wanka, a shayar da dabba, amma kifi kam ko ɗan ƙarfasa ba a taɓawa sai ranar da ya cire sandar, a yi su na gari duka, har mutanen Kende da Kurgu su zo da gorunansu na hawa ruwa. Ko a ranar ma akwai wani gurbi mai zurfi wajen gindin giginya da ba a shiga, ya ce nan ne iri yake. Akwai kuma ɗaya rabin al'adar, wanda mu yara ba mu taɓa ɗauka da nauyi ba. Muddin sanda tana tsaye, duk abin da ya auku a ruwan a wuyan Sarkin Ruwa yake. Ko yaro ya nutse, ko kada ya kama akuya, shi ake tambaya. Ni nake bin shi zagaye da hantsi, ni nake shafa wa gorarsa ta su mai, ni nake ɗinke ragar da ta yage. Yakan ce mini, “Mai cin iri ba ya ga baɗi,” ni kuwa ina jin maganar tana shiga ta nan ta fita ta can.

Sai aka ba da mulkin kai. Wanda bai ga lokacin ba ba zai san irin hayaƙin da ya shiga kanmu ba. Mai shago guda ne yake da rediyo, mukan taru a gabansa mu ji ana ta cewa an 'yantu, an bar duhu, sabuwar ƙasa ta matasa ce. Ni na ɗan taɓa elementare, ina iya karanta takarda, ga keke na saya da fataucin goro da nake yi zuwa tsallaken iyaka, ƙasar da muke kira Faranshi. Ai sai na ga ba kamata. Muka kafa ƙungiyar samarin ci gaba, aka naɗa ni shugaba, muka sayi hula iri ɗaya. Duk abin da tsoho ya ce mu ce duhun kai ne. Kuma kada a ce ba mu da abin faɗa, muna da shi. Ranar su, babban kifin farko na mai gari ne, na biyu na liman, na uku na Kawu, talaka ya jira. Wannan ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. A ganinmu sandar nan ba ta da bambanci da sandar Bature da aka ce ta tafi.

Shekarar kuwa ta zo da matsi. Gero bai yi ba, kafin bazara rumbuna sun yi sauƙi, gidaje da yawa sai tafasa da rama. Ga kifi nan yana wasa a gaban idonmu, ga sanda tana tsaye. Na ja samari huɗu muka sami Kawu a zaure yana saƙar undurutu, tarkon kifin nan na zare da itace. Ban ko durƙusa ba, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, “Kawu, mutane na jin yunwa. A cire sandag ga.”

Bai ɗago ba sai da ya gama ƙullinsa. “Da saura. Ruwan bana ya makara, ɗiyan kihi ba su kai yatsa ba. A ba su wata ɗaya.”

“Wata ɗaya mi za mu ci? Yanzu hwa mulkin kai a kai, ruwa na kowa na.”

“Awo, na kowa na. Har da waɗanda ba a haihwa ba tukun.” Sai ya dube ni, ya dubi hular kaina. “Kai ɗan nan, yunwa na sani, ta girme ka, ta girme ni. Tahi ka duba min gora, rana ta yi mata yawa.”

Abokaina suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wannan dariyar ce ta kashe tafkinmu, ba yunwa ba. A gaban mutanena an aike ni duba gora kamar yaron goye. Na fita raina yana tafasa, na rantse sai na nuna masa zamani ya juya.

A tsallaken iyaka ana noman auduga, kuma an fara kawo musu maganin feshi a gwangwani, mai hoton ƙoƙon kai a jiki. Wani ɗan kasuwa a can ya taɓa raɗa mini cewa in aka zuba kaɗan a ruwa, kifi da kansa zai taso, ba raga ba wahala. Na ce lallai wannan shi ne ilmi. Na ɗauro gwangwani guda a bayan keke, na shigo da shi gida da rana, Kawu yana zaune ya ga shigowata, ya zaci kananzir ne. Ran kasuwar Kende, gari ya watse, shi ma ya tafi sayen zare. Da rana ta take, mu biyar muka sauka. An ce mini kaɗan, amma ban san iyakar kaɗan ba, kuma ina so abin ya yi suna. Na shiga da kaina har gurbin nan na gindin giginya, na tuttule shi duka. Ruwan ya yi fari kamar an dama nono, wari ya bugi hancina. Na wuce sandar Kawu a hanyar fitowa, ban taɓa ta ba, don a lissafina na wauta in ba a cire sanda ba ba wanda zai ce an yi su. Gwangwanin kuwa na ga yana da kyau, zai yi zuba man keke, sai na kai shi gida na cusa a ƙarƙashin tsofaffin raguna a rumfar Kawu.

Kafin la'asar tafki ya juya ciki sama. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ba na fatan wani ya gani. Giwan ruwa, tarwaɗa, balli, kurungu, duk sun taso suna buɗe baki suna juyi, a tsakaninsu kuma ƙananan nan da Kawu ya ce ba su kai yatsa ba, sun rufe ruwan fari fat har ba a ganin ƙasa. Masu dawowa daga kasuwa suka jefar da kayansu. Mata da ƙwarya, maza da riguna, ana ɗiba ana guɗa, wasu suna cewa Allah ne ya dubi yunwarmu. Kowa ya ji warin, ba wanda ya tambaya. Ina tsaye a tudu ina jin kaina kamar wanda ya ciyar da gari. Can sai ga Kawu da ƙunshin zarensa. Ya shiga ruwan da rigarsa, ya ɗebi ƙananan kifin a tafin hannu ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga murya, shi da ba a taɓa jin muryarsa daga nesa ba. “Kada ku ci! Don Allah kada ku ba ɗiya!” Wata tsohuwa ta ce baƙin ciki yake yi don bai sami kasonsa ba. Aka yi dariya, aka ture shi aka ci gaba da ɗiba.

Daren nan gari ya kwana da amai da zawo. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Amma Fulanin da ke mashekari a gabas sun shayar da yamma kamar kullum, safiya ta yi shanu suna kwance, ciki a kumbure, kumfa a baki. Ardonsu, wani dogon dattijo da yake kawo wa Inna man shanu, ya zo ƙofar mai gari ya zauna a ƙasa, ya ce ba zai tashi ba sai an nuna masa wanda ya yi, in ba haka ba ya kai maganar gaba. Nan hankalin gari ya tashi, don kowa ya ci kifin, kowa yana da hannu. Aka ce a bincika gidaje. Ba a daɗe ba aka fito da gwangwani daga rumfar Kawu.

Na halarci zaman shari'ar, a sahun gaba ma, da hulata. Mai gari ya ɗaga gwangwanin da bakin sanda.

“Sarkin Ruwa, wa ad da wanga abu?”

“Gidana anka ishe shi, ranka ya daɗe.”

“Ba shi nit tambaye ka ba. Wa yak kawo shi?”

Kawu ya san wanda ya kawo shi, da idonsa ya ga an sauke shi daga keke. Bai ko waiwayo inda nake ba. Ya ce, “Sanda na tsaye sa'ad da abin yaf faru. Sandag ga tau ta. Ruwan a wuyana shike.”

Ardo ya ce, “Ni ban yarda ba. Shekara nawa muna sha hannun wanga mutum.” Amma wa ke sauraren Ardo? Gari yana neman kai guda da zai ɗora wa kaya, al'ada kuma ta miƙo shi. Nan take labari ya haɗu, wai Kawu ya hana mutane ne don ya kashe kifin a ɓoye ya kyafe ya kai Faranshi. Mutanen da ya yi shekaru yana ciyarwa, su suka ƙara wa labarin gishiri. Aka yanke a kwashe awakinsa da ɗan abin da ya rage a rumbunsa a ba Fulani, a tuɓe shi, a kuma zagaya da shi gari don ya zama ishara.

Abin da ya biyo baya gari duka ya gani, amma gaskiyarsa ban taɓa faɗa wa ko matata ba har ta koma ga Allah. Aka huda gwangwanin aka zura igiya aka rataya masa a wuya. Aka cire masa hula. Mai gari ya ce samarin ci gaba su ja gaba, tun da su suka daɗe suna kuka da sandar. Abokaina huɗu suka dube ni, na ga tsoro a idonsu, na san in na yi sanyi za a gane. Sai na zaƙe. Ni na shiga ruwa na tumɓuke sandar, na karya ta a gwiwata a gabansa. Kuma da muka kama hanya, yara suna binmu, sai na ji bakina ya tsara waƙa, ban san daga inda ta fito ba:

Mai sanda ya ci amana,
Ya hana mu ya sha shi kaɗai,
Kihi ya mutu, nagge ta bi,
Tsoho, maido muna tabki.

Kafin mu kai bakin kasuwa gari duka ya ɗauka. Ana tafi, ana jifansa da ruɓaɓɓen kifi, gwangwanin yana bugun ƙirjinsa yana ƙara a kowane taku. Ya yi tuntuɓe wajen masallaci ya faɗi, ba wanda ya ɗaga shi, ya dafa ƙasa ya tashi da kansa. Ni ina gaba ina ba da waƙa, muryata ta fi ta kowa.

Da yamma na shiga gida ina jiran ya tsine mini. Da ya yi, da na sami sauƙi. Na tarar da shi zaune a tabarma, Inna tana cire masa ƙayar kifi daga gashi. Ta ajiye mini tuwo ba ta dube ni ba. Na miƙa hannu ke nan ya ce, “Dakata. Wanke hannunka da toka tukun, har ƙarƙashin akaihu. Abin nan ba ya hita da ruwa kaɗai.” Iyakar abin da ya ce mini ke nan a kan maganar, har abada. Bayan kwana uku ya ɗauki gorarsa ya tsallaka iyaka. Muka ji yana wani sansanin masunta a can yana yi wa mutane ɗinkin raga don ya ci. Damina biyu ya yi, aka aiko ya rasu. Ban je ba, na ce ina da taron ƙungiya. Inna ta rayu shekaru bayan haka a gidana, tana cin abincina tana sa wa 'ya'yana albarka, amma ko sau ɗaya ba ta ƙara kiran sunana ba, sai dai “kai”.

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, an ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni dai ruwan bai doke ni ba. Aka riƙa nuna ni ana cewa ga yaron da bai rufa wa ko kawunsa asiri ba saboda gaskiya. Aka ba ni mata, aka sa ni a gaba a kowace hidima, na yi arziki, na je Makka. Sandar kuwa ba wanda ya yarda ya gaje ta, wa zai so? Kowa ya shiga ruwa ran da ya ga dama, da ragar da ya ga dama, daga baya har da gidan sauro. Wasu suka koyi zuwa sayen gwangwani da kansu. Aka sare itatuwan bakin ruwa aka kyafa kifi da su, yashi ya gangaro, Fulani suka canza mashaya. Abokaina huɗu suka bi juna zuwa kabari, kowa da bakinsa a rufe, Ardo ya riga su. Waƙar ce kawai ba ta mutu ba. Uwaye suna yi wa yara ita, har ta zama in mutum ya ci amana a garinmu sai a ce ya yi halin mai sanda.

Yanzu ga wasu sababbin samarin sun taso, kuma jikata ce a gabansu, 'yar babban ɗana, wadda ta yi karatu a Birnin Kebbi. Ba su da hula iri ɗaya, riguna ne kore iri ɗaya. Suna tsintar leda, suna rainon itatuwa a 'yan jakunkuna, suna ɗaukar hoton komai da waya. Nakan tsokane ta in ce amarya, itacen da aka fi ɗaukar hotonsa fiye da ba shi ruwa ba ya girma. Ta ce, “Tsoho, ku kuka cinye namu, ka bar mu mu gyara.” Tana da zafi, tana da gaskiya, kuma in tana magana ina jin muryata ta da, abin yana ba ni tsoro. Rannan ta zo mini da murna, wai sun yi shawara a yashe tafkin, a riƙa rufe shi wata huɗu a shekara, a ware wani gefe da ba a taɓawa don kifi ya hayayyafa. Ta ce sabon tsari ne, a wani taro aka koya musu. Na ce madalla. Ta ce za su yi wasan kwaikwayo a filin makaranta don jawo hankalin mutane, kuma ni ne babban baƙo, tun da ni na fara wannan gwagwarmaya a garin nan.

Na je, aka zaunar da ni a kujera mai laushi. Sai ga wani saurayi ya fito da gemun auduga, ya ranƙwafa, an rataya masa gwangwanin madara a wuya. Yana tafe yana lashe baki yana shafa ciki, jama'a suna ta dariya. Wani kuma ya fito da hula a karkace, ƙirji a gaba, wai ni ne. Da ya karya kara a gwiwarsa fili ya ɗauki tafi. Suka fara waƙar.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Jikata ta zaci jawabi zan yi, ta miƙo mini lasifika. Na ce, “Ku dakata. Wanga mutum bai zuba komi ba. Ni niz zuba, da hannuna. Ni nik kawo gwangwani, ni nib ɓoye shi rumhwatai. Tsarin da kuka cewa sabo, shi yat tsare shi har anka kore shi kansa. Ƙarya ta, kuma ni nit tsara ta.”

Na ce yau dai za a jefe ni, kuma wallahi na ji wani sanyi a raina da ban ji ba tun ina saurayi. Sai wani malamin makaranta ya girgiza kai ya ce, “Allah sarki, jini ba wasa ba. Har yau Baba yana son ya ɗauke wa kawunsa laifi.” Aka ce Allahu akbar. Aka tafa mini, tafi mai tsawo, wasu mata har da share hawaye. Jikata ta kama hannuna ta mai da ni kujera, ta raɗa mini, “Tsoho, rana ta buge ka. Zauna ka sha ruwa, kada ka ɓata mana wasa.”

Na zauna. Saurayin ya gyara gemunsa, ya gyara igiyar gwangwanin, suka koma waƙa daga farko. Da suka zo layi na uku sai mai ba da waƙar ya manta, ya tsaya yana dube-dube. Kowa ya juyo wajena.